Yadda ake farfaɗo da tsohon akwatin kayan aiki na ƙarfe don garejin gida

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu, musamman 'yan'uwa na nan Bauchi da maƙwabtanmu na Gombe: mutum ya ci karo da tsohon akwatin kayan aiki na ƙarfe, irin mai durowoyi da kanikawa ke jera sifana da filaya a ciki, ya yi tsatsa, durowoyin sun cije, ta ina zai fara? Kusan kowa kuma da launi yake buɗe tambayarsa, wane fenti zan saya, ja ko shuɗi. To fenti sai a mataki na bakwai za mu je kansa, kuma ba shi ne wahalar aikin ba. Abin da ke sa akwati ya amfane ka shi ne durowa ta fita ta koma da yatsa biyu alhali tana ɗauke da kaya, tsatsa kuma ta daina cin ƙarfen. In waɗannan biyun ba su samu ba, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Bi matakan yadda suke a jere. Kada ka tsallake ɗaya don na gabansa ya fi daɗin yi.

1. Duba shi da kyau kafin ka biya

Ta hanya uku irin wannan akwati ke zuwa hannu: wurin 'yan gwangwan masu sayen ƙarfe a kilo, wurin masu kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, ko hannun bakaniken da ya bar sana'a. Wanda bai samu a gari ba yakan sa a duba masa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Ko ina ne, ka tafi da sukudireba, tef na awo, ɗan mayen ƙarfe da fitilar wayarka.

Ka fara da ƙasan akwatin, ba fuskarsa ba. A kifa maka shi. Nan ruwa ke kwanciya, nan ruɓa ke farawa. Danna bakin sukudireba a duk inda ya yi ja, musamman kusurwoyi huɗu inda tayoyi ke ɗaurewa. In ƙarfen ya tsaya kyam, tsatsar sama ce, sanfefa za ta ci ta. In ya lotsa ko ya huje, aikin walda ya shigo lissafi. Huji ɗaya ko biyu ba komai. Amma in gindin duka ya zama ɓawo-ɓawo yana zuba, bar musu abinsu.

Sai ka auna fuskar daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, ka sake aunawa ta ɗaya gefen. Awon biyu ya kamata su zo daidai. In sun saɓa da fiye da rabin santimita, akwatin ya murɗe, wataƙila an jefo shi daga mota, kuma durowoyinsa ba za su daina cijewa ba sai an miƙar da jikin.

Yanzu abin da ya fi komai: layin durowa, wato ƙarafunan nan na gefe da gefe da durowa ke gudu a kansu. Jawo kowace durowa, haska, ka ƙirga. Kowace tana da biyu? Sun lanƙwashe? Tsatsa tana fita, lotsawa tana miƙewa, amma layin da ya ɓata samun irinsa daidai tsawo da daidai huji ba ƙaramin yawo ba ne. Akwati mai muni da layinsa cikakke ya fi mai sheƙi da ya rasa guda uku.

In durowoyin duka sun ƙi fitowa lokaci ɗaya, kada ka bari wani ya sa ƙarfe ya ɓalle su. A yawancin akwatuna masu murfi a sama, rufe murfin ne ke kulle durowoyin, ɗaga shi kawai za ka yi su saki. A masu taya kuma sandar kulle ce a baya, wadda makulli ke ɗagawa.

Mayen ƙarfen na gano foti ne, wato ƙullin da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi: inda ya ƙi kamawa sosai, an cike lotsawa an rufe da fenti. Kaurin ƙarfe kuwa, milimita 1.2 mai kyau ne, 0.8 zuwa ƙasa yana lanƙwashewa in ka danna da tafin hannu. Za ka ga sunaye irin su Snap-on, Craftsman, Facom, Gedore ko Hazet. Kamfanonin kirki ne, amma tambari abin mannawa ne. Nauyin akwatin da tafiyar durowarsa za ka saya.

Wajen ciniki da 'yan gwangwan, tambayi nawa kilon ƙarfe yake a ranar, a ɗora akwatin a sikeli. Abin da ya bayar shi ne ƙasan farashi, sai ka ɗora ribar mai kaya a kai. "Maigida, ga abin da sikeli ya ce, me zan ƙara maka ka sallama?" ya fi ka fara da yabon akwatin.

Gargaɗi: ka saya a shago ko rumfa sananniya, da shaida, a rubuta maka takarda. Akwatin da wani ya kawo maka da magariba cike da kayan aiki a farashin banza, garejin wani aka fasa.

2. Tanadi kaya, ka yi lissafi

Ga akwati mai durowa biyar zuwa bakwai, wanda ya kai ƙugu, abin da za ka nema ke nan a shagunan kayan gini da na fenti, irin na kewayen Wunti da Muda Lawal: kananzir kamar lita 2, omo, burushin waya, sanfefa mai lamba 80, 180 da 320, kamar falle uku-uku zuwa huɗu, tina, wato ruwan tsinka fenti, lita 1, salatif na takarda, tsummoki da yawa, fentin shimfiɗa na ƙarfe, wato jan nan da masu walda ke shafa wa ƙofofi, sai fentin sama. In na gwangwanin feshi mai mililita 400 za ka yi amfani da shi, ƙaddara uku na shimfiɗa, huɗu zuwa biyar na launi. Ƙara giris kaɗan, safar hannu, tabarau da takunkumi.

Farashi na motsi kusan kowane mako, don haka ka zagaya ka rubuta na ranar a kashi uku: kayan wanki da fenti, kuɗin hannun mai walda, sai kayan canji, wato taya, makulli da layi. Kashi na uku ne ke fasa aljihu, tayoyi huɗu masu kyau kan iya kaiwa kusan kuɗin akwatin kansa. Haɗa duka da kuɗin saye da na Keke Napep ko a-kori-kura da za ta kai maka gida, ka kwatanta da sabon akwati na kamfanin kayan aiki irin Ingco ko Total mai girmansa. In lissafin ya haura kashi biyu cikin uku na sabo, sai in tsohon ya fi shi kaurin ƙarfe sosai ne zai cancanci wahalar. Sau da yawa kuwa yakan fi.

3. Kwance shi, amma da tsari

Kafin ka sa hannu a ciki, haska. Akwatin da ya daɗe a bola gidan kunama ne da ɓera. In ka ga kashin ɓera, kada ka share shi a bushe ko ka hure shi. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, kuma ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa. Sa safar hannu da takunkumi, yayyafa ruwan bilic, bar shi ya jiƙa kamar minti 10, sannan ka kwashe da tsumman da za ka zubar.

Ɗauki hoton komai da waya, ciki da waje, musamman sandar kulle ta baya da yadda take maƙale. Kan durowoyi kuma rubuta lamba a ƙarƙashin kowace, daga sama zuwa ƙasa. Da bakin ƙusa za ka karce lambar, don tawada za ta tafi da kananzir. Durowoyi biyu na iya zama girma ɗaya a ido, amma kowace ta saba da raminta.

Cire durowa ya danganta da irin layinta. Mai 'ya'yan boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe da layin ke gudu a kansu: jawo durowar har ƙarshe, za ka ga ɗan harshen roba baƙi a kowane gefe. Ɗaya sama ake ɗaga shi, ɗayan ƙasa ake danna shi, lokaci guda, sai ka ja. A hankali, don robar ta tsufa, tana karyewa. Shimfiɗa buhu ko faranti a ƙasa, saboda in kejin da ke riƙe da 'ya'yan boris ya fashe za su watse cikin ƙasa, ba ka ƙara ganinsu.

Tsohon yayi kuwa ƙarfe ne kan ƙarfe, babu boris. Shi wani ɗan ƙarfe mai tsalle ne ke tare durowar kada ta faɗo. Zura tsohon bakin zarton ƙarfe tsakanin durowar da layin ka danne shi, ka ja gefen ya wuce, ka yi haka a ɗaya gefen.

Layin kowace durowa ya shiga ledarsa da lambarsa, an rubuta hagu da dama. Wanda aka kama da ribit a jikin akwatin, in lafiyarsa ƙalau, bar shi a wurin, ka wanke shi a nan. Sai ka kwance hannaye, makulli, tambari, tayoyi da adon alminiyam na bakin durowa.

Notin da ya ƙi juyawa, ɗiga masa kananzir ko WD-40, wato man feshin nan mai sakin ƙarfen da ya cije, ɗan ƙwanƙwasa kansa da guduma, ka bar shi ya kwana. Ƙarfi da gaggawa ne ke karya shi a cikin rami, aikin minti biyu ya koma na yini.

4. Wanki

Kankare daskararren giris da ɗan katako. Goge da kananzir, sannan ruwan zafi da omo, a ɗauraye, a kifa a rana. Wankin ba don tsabta kaɗai ba ne: in ka sa sanfefa a kan maiƙo, cusa shi kake yi cikin ƙarfen, fenti kuma ba ya kama maiƙo.

Da safe ake wannan aiki. Ƙarfen da ya kwana da laima zai wayi gari da sabuwar tsatsa. Kula da ninkin ƙarfe da kusurwoyi, nan ruwa ke ɓuya, ka jujjuya akwatin ya tsiyaye.

Gargaɗi: kada ka yi wanki da fetur, ko da ka ga kanikawa na yi. A gida akwai janareta, akwai murhu, akwai yara. Tururin fetur yana bin ƙasa ya je ya samu wuta inda take.

5. Cire tsatsa

Nan za ka fi daɗewa, kuma nan ake gane aikin da zai yi shekaru.

Fara da yanke shawara kan tsohon fenti. Mutane da yawa na ganin dole sai an kankare shi tas har ƙarfe ya fito fari. Ba haka ba ne. Fentin kamfani gasa shi ake yi, ya fi duk wanda za ka fesa a tsakar gida ƙarfi. Inda ya kama daram, goge shi kawai da lamba 180 har sheƙin ya mutu, ya zama shimfiɗa. Inda ya kumbura, ya tsage ko yake ɓarewa, nan ne za a kai ga ƙarfe. Kumburin fenti alama ce ta tsatsa a ƙarƙashi, kuma takan fi abin da ido ke gani faɗi, don haka ka ci gaba da kankara har ka iske ƙarfe mai haske ta kowane gefe.

Gargaɗi kafin ka fara guga: tsohon fenti, musamman ja, rawaya da ruwan lemo, yana iya ƙunsar dalma. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ta fi kamawa. Jiƙa sanfefar da ruwa don ƙura kada ta tashi, yi aikin nesa da madafa da wurin wasan yara, sa takunkumi, tattara dattin a leda, ka wanke hannu kafin cin abinci. Kada kuma ka ƙona fentin da wuta don ya yi saurin fita.

Tsarin gugar: burushin waya ya ɗauke ɓawon, lamba 80 ta ci tsatsar, 180 ta share karcen 80, 320 ta yi laushi. Naɗe sanfefar a ɗan katako mai faɗi, don yatsa yana yin rami-rami. Inda tsohon fenti ya haɗu da ƙarfe tsirara, goge bakin har ka shafa da yatsa ba ka jin tudu. In ka bar tudun, zai fito ɓaro-ɓaro bayan fenti.

Mai giranda zai iya sa mata burushin waya ya rage wahala, amma ban da faifan yanka ko na wasa ƙarfe. Jikin akwati siriri ne, faifai zai cinye shi, zafi kuma ya lanƙwasa shi. Tabarau dole, don wayoyin burushin na tsinkewa su yi tsalle.

Ƙananan kaya, irin su noti, hannaye da hinjis na ƙarfe, jiƙa su a ruwan khal daga awa 12 zuwa 24, ka goge da burushi. Ruwan tsamiya mai kauri ma yana yi, sai dai ya fi jinkiri. Bayan an tsame a ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, a sake ɗaurayewa da ruwa zalla, a busar nan take, a shafa mai ko fentin shimfiɗa. Abubuwa uku ba sa shiga wannan jiƙo: layi mai boris, alminiyam, da duk ƙarfen da ke da rufin azurfa-azurfa na kamfani, don tsami yana cinye rufin da ke kare shi. Kada kuma khal ya haɗu da bilic ɗin da ka yi amfani da shi a baya, haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba.

Ruwan batir fa? Ana ba da wannan shawara a gareji, kuma ba ta da kyau. Yana cin tsatsa, ya ci ƙarfe, ya ci hannu, ya maƙale a ninkin da ba ka iya ɗaurayewa ya ci gaba da ɓarna a ƙarƙashin sabon fentinka.

Tsatsar da ta yi ƙananan ramuka ko ta shige ninki, inda sanfefa ba ta kaiwa, maganinta ruwan kashe tsatsa da ake samu wurin masu fentin mota. Ana shafa shi, ya mayar da jan ya koma baƙi, ya bushe, a yi fenti a kai. Bi abin da aka rubuta a jikin robar game da lokacin jira.

6. Miƙarwa da walda

Duk wani duka da wuta a gama su yanzu. Lotsawa ƙarama, sa katako a baya, ka buga ta ciki da guduma a hankali, daga gefen lotsawar zuwa tsakiya. Durowar da gindinta ya zama kwari saboda nauyi, kifa ta a kan benci, ɗora katako, ka danna ta koma.

Huji da tsagewa na mai walda ne, amma ba kowane ba. Mai ƙera ƙofa da taga ya saba da ƙarfe mai kauri, wutarsa za ta huda jikin akwatin nan take. Je wurin masu gyaran jikin mota, su suka saba da falle siriri. Ka faɗa masa tun farko: "Oga, ɗigo-ɗigo za ka yi mini, kana bari yana hucewa, kada ka ja layi ɗaya." Jan dogon layi ne ke murɗa falle.

In kusurwoyin taya sun yi rauni, a yi wa gindin firam na ƙarfe mai kusurwa, ko a sa faranti mai kaurin milimita 3 a kowace kusurwa, tayoyin su ɗauru a kansa. A ganina ko gindin lafiya yake, wannan kuɗi ne da ba a asararsa.

Foti na rufe ƙananan tabo ne kawai, kada kaurinsa ya wuce milimita 3. Ba a toshe huji da shi.

Kafin ka bar wurin mai walda, mayar da layi da durowoyi ka gwada su duka. In akwai mai cijewa, a gyara a nan. Gano haka bayan fenti yana nufin guduma a kan sabon fenti.

7. Fenti

Lokaci na da tasiri a garinmu. A tsakiyar damina, wajen Agusta, laima tana hana fenti bushewa da kyau, tana kuma dusashe shi. A Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu za ta zauna a kansa. A Maris da Afrilu kuma ƙarfen da ya sha rana yana busar da fenti kafin ya kwanta, ya fito da gautsi. Mafi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa farkon Nuwamba. In ba za ka iya jira ba, yi da safe, a inuwa, inda iska ke wucewa amma ba ta kaɗawa, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Goge jikin duka da tsumma mai tsabta da ɗan tina, daga nan kada ka ƙara taɓa shi da hannu tsirara. Rufe layin da ya rage a jiki da ramin makulli da salatif. Fenti a kan layin durowa na cikin manyan abubuwan da ke ɓata wannan aiki, don da ya bushe durowa ta cije ke nan.

Fentin shimfiɗa ya hau a ranar da ka gama guga, kada ƙarfe ya kwana tsirara. Hawa biyu marasa kauri. In ya bushe, shafa shi sama-sama da lamba 320, ka goge ƙurar.

Gargaɗi a nan: shimfiɗa da fentin sama su zama dangi ɗaya. In ka shafa jan fenti mai mai, irin na ƙofofi, sannan ka fesa fentin mota mai tina mai zafi a kai, na ƙasan zai tashi ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka. Gaya wa mai shago abin da ka sa a ƙasa, kuma ka gwada a ƙarƙashin durowa ɗaya kafin ka yi wa jikin duka.

Girgiza gwangwani minti biyu cikakku. Riƙe shi nesa da jiki kamar santimita 25 zuwa 30. Fara fesawa kafin hannunka ya iso kan ƙarfen, ka saki bayan ya wuce, kowane layi ya hau rabin na baya. Hawan farko zai fito da shara-shara, kana hango shimfiɗa ta ciki. Haka ake so. Mai son ya rufe a hawa ɗaya shi ke samun fenti yana zuba. Hawa uku sun isa. Game da tazara tsakaninsu, karanta jikin gwangwanin: da yawa suna cewa a ƙara cikin awa ɗaya, in ya wuce a jira awa 48, kuma wanda ya ƙara a tsakanin nan yakan ga fentin ya yamutse.

Fara da ciki da gindi, sai baya, sai gefuna, fuska a ƙarshe, lokacin hannunka ya saba. Gindin nan da ba mai gani, shi ya fi buƙatar fenti mai kauri. Cikin durowa kuma ka ba shi launi mai haske, fari ko toka-toka, don ƙaramin noti ya riƙa fitowa a ido ranar da babu wuta.

In fenti ya zuba, kada ka goge shi yana ɗanye. Bar shi ya bushe sarai, goge da 320, ka sake hawa. Wanda ba ya son wannan duka, ya kai wa mai fentin mota bayan ya gama gugar da kansa, kuɗin hannun zai ragu sosai tunda gugar ce aikin.

Fenti na bushewa a taɓa cikin awoyi, amma taurinsa sai ya kwana bakwai ko fiye. Kada ka zuba sifana a kai kafin nan.

8. Layi, taya da makulli

Lokacin jiran fenti, koma kan layin durowa. Wanke kowane da kananzir da tsohon burushin haƙori, kana turawa kana jawowa har baƙin ruwa ya daina fita. Busar. In wasu 'ya'yan boris sun ɓace, cire ɗaya ka kai wa masu kayan keke ko babur su nemo maka daidai girmansa. Wanda ya ɗara ko kaɗan zai sa layin ya cije.

Giris kaɗan ake sawa, a kan hanyar boris kawai, ka tura sau da yawa ya bazu, ka goge ragowar. A ƙasar ƙura irin tamu, giris mai yawa tara yashi yake yi, ya koma yana cin layin. WD-40 na saki abin da ya cije ne, ba ya zama madadin giris, yana bushewa. Baƙin mai na juye kuma datti ne, kada ya kusanci durowa. Layin ƙarfe kan ƙarfe, goge shi da 320 ya yi santsi, ka shafa giris siriri ko ka goga masa kyandir.

Layin da ya mutu gaba ɗaya, a canza shi biyu-biyu, hagu da dama tare. Na kabad ɗin kicin da kafintoci ke sayarwa zai ɗauki durowar sukudireba, amma ba ta guduma da jak ba. Ita sai mai kauri, kuma ka tafi da tsohon a hannu don tsawo da kauri su dace.

Taya: biyu tsayayyu, biyu masu juyawa da birki, masu juyawan a gefen da hannun turawa yake. In daɓen garejin ba sumul yake ba, nemi masu faɗin inci 4 ko 5, ƙanana suna maƙalewa a kowane tsagu. Ɗaure su da noti da washa, kada a yi musu walda, don wata rana za ka so canzawa.

Makulli in babu ɗansa, kwance shi ka kai wa masu yankan makulli, ko ka sa sabo irin na kabad ɗin ofis in ramin ya dace. In sandar baya ta lalace, mai walda ya yi maka sanda ɗaya da za ta sauko ta gaban durowoyin duka, da kunnen kwaɗo a sama. Ba ta da kyan gani, amma tana aiki. Wannan ma a yi ta tun a mataki na shida.

Mayar da durowoyi daga ƙasa zuwa sama, kowace a raminta. Ta boris takan yi tauri a turawar farko, tura ta a hankali har ƙarshe, za ta daidaita.

9. Shimfiɗa, jeri da wurin ajiya

Shimfiɗa wa kowace durowa roba: tabarmar ƙafa ta mota, ledar ɗaki mai kauri, ko tsohon tiyub da aka wanke aka yanka. Ban da kafet, kwali da tsumma, suna shan laima su riƙe ta a jikin ƙarfe. Kada ka manne shimfiɗar da gam, don ka riƙa ɗagawa kana kakkaɓewa.

Masu nauyi a durowar ƙasa, marasa nauyi a sama. Durowa ɗaya ake buɗewa a lokaci guda, a rufe kafin a jawo wata. Akwati cike da ƙarfe in aka buɗe masa durowa uku, gaba yake kifowa, kuma yara na son taka durowa su hau. In da ƙanana a gidan, kulle shi kullum, ko ka ɗaure bayansa da bango.

Kayan aikin da za su shiga su ma a goge su, don sifana mai tsatsa tana ɓata shimfiɗa da maƙwabtanta. Kada batir, ruwan batir ko buhun takin zamani su zauna kusa da akwatin, suna jawo tsatsa. Ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, ka duba kwanon da ke samansa ba ya yoyo. Marar taya a ɗora shi a kan katako ko bulo, kada ya zauna a daɓe kai tsaye. 'Yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na waya, tara su ka jefa biyu-uku a kowace durowa, ka riƙa shanya su a rana in damina ta yi nisa.

Sau biyu a shekara ka ciro durowoyin: ƙarshen Fabrairu don wanke ƙurar hunturu daga layi a sabunta giris, da kuma Mayu kafin ruwa ya zauna, a kifa akwatin a duba gindi. Duk inda fenti ya ƙwarzane, goge wurin da 320, ɗiga masa fentin shimfiɗa da ɗan ragowar launin da ka ajiye.